Daminar da na yi jinyar yatsan Malam

Ko an wayi gari na manta sunana, ba na jin zan manta daminar da na yi ina jinyar babban yatsan mijina. Ni ban yi karatu ba. Malamar makarantar da ke haya a maƙwabtanmu ce take rubuta mini wannan, na kuma ce mata in ta ga na yi shiru, hawaye ne, ta jira ni.

A Karare muke zaune. Malam, Allah ya jiƙansa, manomi ne tun tasowarsa, ni kuma ƙuli-ƙuli nake yi. A shekarar ƙafafunsa suka soma kumbura, in ya ja kunya biyu sai ya dafa fartanya yana haki. A ƙaramin asibiti aka ce zuciya ce, sai dai babban asibiti. Muna shawarar sayar da tumakinmu sai ga mai shela: gwamnati ta sake tsarin lafiya, tsofaffi marasa ƙarfi za a ba su kati, magani kyauta, a zo a dangwala yatsa.

Daga nan kaina ya soma ɗaurewa. Wannan ya ce mai kati ko aiki za a yi masa ba zai biya ba. Wancan ya ce marar kati yanzu ko kallonsa likita ba zai yi ba. Wata ta rantse mini ƙidayar zaɓe ce aka fake da magani. Malam ya ce, "Tunda abin na kowa ne, a bar tumakin nan su sha iska."

Ranar rajista muka bi layi a ƙarƙashin dalbejiya. Ni da ko ciwon kai ba na yi, ina ɗora yatsa a kan na'urarsu ta yi ƙara, aka ce na shiga. Malam ya ɗora nasa, shiru. Ya goge a riga ya sake, shiru. Aka gwada sauran yatsun duka. Ma'aikacin ya juya hannun yana kallo, ya ce, "Baba, ai fartanya ta cinye zanen. Duk hannun ya yi kanta."

Malam ya ce, "To, ɗana, wanda bai yi noma ba aka yi wa katin?"

Aka yi dariya, har da ma'aikacin. Ya ce, "Iya ta fi ka dabara, hannunta kullum cikin mai. A riƙa shafa masa, ya huta da aiki, in mun zagayo sai a sake gwadawa."

Wallahi ni a matsayin maganar likita na ɗauki wannan magana. Na koma gida na hana shi taɓa fartanya, ga gero yana neman maimai. Safe da yamma in jiƙa hannun a ruwan ɗumi, in shafe babban yatsan da man gyaɗa, in bi da man shanu, in naɗe da tsumma mai tsabta. Ko tuwo na hana shi ci da hannun sai da cokali. Yakan ɗaga yatsan ya ce, "Tsohuwa, ko ranar aurenmu ban ga wannan gata ba. Sauran jikin fa kishi yake yi." In ce, "Ka yi haƙuri, Malam, wannan ɗin gwamnati ke nema." Yanzu in na tuna sai in ga lokacin nan kwanciya ta soma gagararsa, a zaune yake barci. Ina gani, amma idona yana kan yatsa.

Ciyawa ta rufe gona, masu rajista ba su zagayo ba. Sai 'yarmu da ke aure a Babban Duhu ta aiko cewa an gan su a Safana. Muka hau mashin, ni a baya ina riƙe da shi, shi kuma ya ɗaga hannun sama kada tsumman ya kwance. Da muka isa, wata ma'aikaciya ta ce, "Iya, daga ina?" Na ce Karare. Ta ce, "Ai ku 'yan ƙaramar hukumar Batsari ne, a can za ku yi." Na ce, "'Yar nan, ba gwamnati ɗaya ba ce?" Ta ce ɗaya ce, amma kowa da inda aka rubuta shi. Na roƙe ta ko gwadawa a yi, mu ga ko zanen ya fito. Ta tausaya, ta jawo na'urar, sai ta ce babu sabis. Har yau ban san ko yatsan ya yi ba.

A Batsari aka ce an dakatar, ana jiran sabon umarni daga sama. Da na ga haka na ce a sayar da tumakin. An sayar ranar kasuwa, washegari da hantsi, muna shirin neman mota, Allah ya karɓi abinsa. Hannunsa yana cikin nawa. Na kwance tsumman, sai ga yatsan ya yi laushi kamar na jariri, zanen ya fito raɗau.

Bayan na fita takaba na je ƙaramin asibitin da katina, jiri yana damuna. Ba a karɓi ko sisi ba, gaskiya sai a faɗe ta. Na ba wa mai ba da maganin labari. Ta yi salati, ta ce, "Iya, ai an gyara wannan, yanzu wanda yatsansa ya ƙi hoto kawai ake ɗauka. Kuma tun farko babu wanda ya ce marar kati ba za a duba shi ba." Na ce, "To wa ya kamata ya gaya mini?"

Na san kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma na rasa wanda zan riƙe. Ma'aikacin nan bai yi mini ƙarya ba, 'yar Safana ma haka. Abin da na koya shi ne, in za a gyara wa talaka abu, a zauna a yi masa bayani da bakin da zai gane. Ku kuma masu marar lafiya a gida, ku kai shi tukuna, kati ya same ku a can. Ni na yi jinyar yatsa har ya warke, mai yatsan ne bai jira ba.