Cokalin da Ba a Kaɗa Ba

Evodio Uscanga, wanda ake ce wa Don Evodio saboda girmamawa, bai taɓa zuba wa mutum madara ba sai an kaɗa masa cokali, kuma da wannan yake taƙama. Wani na taƙama da gida, wani da ɗa a jami'a, shi nasa ke nan. A gidan gahawar Gumersindo, nan Veracruz, bayan kwastan, za a ajiye maka tambulan da baƙar gahawa 'yar kaɗan a gindinsa. In ka shirya, ka ɗauki cokali ka kaɗa a jikin tambulan, ƙal-ƙal, sai Evodio ya taho da butarsa ya cika maka. In ka ɗaga hannu ka ce "madara", to baƙo ne kai, daga tudu ka gangaro, kuma za ka jira har gahawarka ta huce. In kuwa ba ka kaɗa ba, ko gwamna ne kai ba zai kusance ka ba, don zuba wa wanda bai kira ba rashin kunya ne, kamar shiga ɗakin mutum ba sallama.

Ɗan garin Alvarado ne, ɗan masunci, jikan masunci. Matsalarsa ɗaya, teku na juya masa ciki. Ubansa ya yi ta fita da shi a kwale-kwale yana amai, har ya gaji ya ce ya tafi birni ya nemi aikin da ƙasa ba ta motsi. Haka ya zo mana tashar jiragen ruwa yana saurayi, siriri kamar karan rake, wai zai yi dako. A lokacin buhun gahawa muke ɗauka a kafaɗa mu hau da shi cikin jirgi. Hermilo Zamudio, wanda shi ne babba a rukuninmu, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaro, kai za ka ɗauki buhun ko buhun ne zai ɗauke ka?" Kafin la'asar an samu amsa. Hermilo ne ya ciro shi daga ƙarƙashin buhun, ya ja shi har wajen Gumersindo, wani Basifane mai rowar magana, ya ce a ba shi wanke-wanke.

Ɗakin wanke-wanken nan ba shi da taga. Duk wanda ya san zafin garin nan a watan Mayu, lokacin da rigarka ke jiƙewa tun kana saka maɓalli, ya san abin da nake nufi. Evodio ya yi shekaru a ciki yana wanke tambulan, yana jin ƙarar cokula ta bango, har ya haddace hannun kowa. Ranar da aka miƙa masa buta ya fito fili, ya ce da ya koma ɗakin nan gara a mayar da shi kwale-kwalen ubansa.

Ya iya zubi, ba zan rage masa ba. Yakan ɗaga butar sama da kansa, madarar ta sauko siririya, ta tashi kumfa daidai bakin tambulan, ko ɗigo bai taɓa tebur ba. In norte ta taso, iskar nan da ke faɗo mana daga teku tun daga Oktoba, tana hana jirage shigowa tana cika wa mutum haƙora da yashi, sai ya juya wa ƙofa baya ya kare zubin da jikinsa. Ya yi aure, ya haifi mace ɗaya, Hermilo ne ya riƙe ta a coci ranar baftisma. Daga nan suka koma kiran juna kompadre, yadda uban yaro da uban baftismarsa ke yi a nan, suna zagin juna da ladabi.

"Kompadre, ashe yau ma ba ka mutu ba."

"Ina jiran ka ne ka riga ni, kompadre, in samu wanda zai ɗaukar mini kaya."

Shekarar da gwamnati ta karɓe tashar daga hannun ƙungiyarmu, aka cika ta da kwantena da injuna, sai aka gano ba a buƙatar kafaɗar kowa. Muka tattara muka dawo teburin bakin ƙofa a gidan Gumersindo, ni da Hermilo da wasu tsofaffin 'yan dako. Aikinmu gardama kan ko norte za ta taso gobe. Evodio ba ya ko waiwayowa in mun kaɗa, ya san hannun kowa. Na Hermilo sau uku ne, da ƙarfi, kamar mai neman faɗa.

A garin nan gishirin teku ba ya barin komai. Ya ci ƙarfen taga, ya ci fanka, ya ci motar da ba ka gama biya ba. Ya ci allon sunan Gumersindo har ba a iya karantawa, daga baya Gumersindon ma ya tafi. Sannan ya taɓa kunnen Evodio. Likita ya ce tsufa ne, mu dai mun san gishiri ne. Muryar mutum yana ji in an matso kusa, amma siririyar ƙara irin ta cokali ta ɓace masa.

A lokacin jikar Gumersindo ce ke riƙe da gidan, Nereida, wadda ta yi karatu a Xalapa ta dawo da takalmi mai tsini. Ba muguwa ba ce, kada a ce na ce. Ta kira shi gefe, a gabanmu kuwa, don gefen gidan nan bai fi taku biyu daga teburinmu ba.

"Don Evodio, in butar ta fara yi muku wuya, ku faɗa mini. Akwai wuri a baya, a zaune ma za ku yi aikin. Na sa fanka."

"Na gode, 'yata. Na san ɗakin."

Ita a ganinta alheri ta yi masa. Ta ƙara da cewa in baƙi suka fara ƙorafi ba yadda za ta yi. Daga ranar muka koma ɗaga cokali sama kafin mu kaɗa, kamar masu ba jirgi hannu, don ya gani da ido. Abin ya tafi daidai na wani lokaci.

Sai kunnen ya zo da sabon salo. Bai tsaya kan ƙin jin cokalin da aka kaɗa ba, ya fara jin wanda ba a kaɗa ba.

Ranar farko kan Hermilo abin ya faɗa. Likita ya riga ya hana shi madara saboda cikinsa, baƙa yake sha kusan shekara guda, yana ɓata fuska. Yana zaune hannuwansa biyu riƙe da jarida, cokalinsa na kwance, sai ga Evodio ya taho kai tsaye ya ɗaga buta ya cika masa tambulan fal. Nereida na tsaye a bayan kantar karɓar kuɗi tana kallo. Hermilo ya sauke jaridar a hankali, ya dubi tambulan, ya dubi abokinsa.

"Sai yanzu, kompadre? Tun ɗazu nake kaɗawa."

"Na ji ka. Kullum kamar za ka fasa wa mutane tambulan."

Hermilo ya shanye tas, ya goge gashin baki.

Ba mu yi taro ba, ba wanda ya ce a yi kaza. Kawai dai daga ranar, in ka ga Evodio ya nufo ka da buta, sai ka yi wuf ka ɗauki cokali ka kaɗa kafin ya iso. In ya nufi teburin baƙon da bai kira ba, ɗayanmu ya ɗaga cokali ya yi ta bugu har ya juyo. Dole kuma kullum a samu tambulan mai wuri a gabanmu, don haka muka riƙa sa a kawo baƙa muna ajiyewa. Kai, mun sha madara. Tsofaffi ne mu, masu cikin da ba ya son wasa, kuma ban ɗakin gidan Gumersindo bai taɓa ganin zirga-zirga irin ta shekarun nan ba. Matata ta tambaye ni me ya sa nake ƙiba alhali ba na cin abincinta. Na ce iskar teku ce.

Hermilo ya fi kowa sha, don hannunsa kunnen Evodio ya fi ji. Wata rana na ce masa, "Kai fa an hana ka." Ya ce, "Facundo, ni na kai shi ɗakin can. Ba zan mayar da shi ba." Ya tashi ya nufi ban ɗaki.

Cikin zafin bara ya rasu. Matarsa ta ce madara ce, likita ya ce zuciya, a wannan karon na bi likita. Evodio ya ɗauki gefe ɗaya na akwatin, kuma karon farko ke nan da na ga ya ɗauki kaya bai faɗi ba. Bayan haka teburin ya yi ta raguwa. Ɗaya daga cikinmu ɗansa ya ɗauke shi zuwa Monterrey, wani ƙafa ta hana shi fita. Ya zama yawanci ni kaɗai ne, kuma cikin mutum ɗaya yana da iyaka.

Norte ta farko a bana ta zo da ƙarfi. An rufe tasha, jirage sun tsaya can nesa, bishiyoyin kwakwa duk sun sunkuya gefe ɗaya, teku na tsallako katanga tana zuba a titi. Ba wanda ya fito sai mara hankali, wato ni. An sauke ƙofar ƙarfe ta gaba tana ta jijjiga, shi ya sa na bar teburinmu na koma ciki kusa da kanta. Daga ni sai Nereida, ga hantsi amma an kunna fitilu.

Evodio ya fito da buta. Na ga inda ya nufa, na ɗaga cokali na yi ta kaɗawa kamar mahaukaci. Ya wuce ni bai ko kalle ni ba. Ya je teburin bakin ƙofa, ya juya wa iska baya yadda ya saba, ya tsaya daidai kujerar Hermilo, ya ɗaga butar sama. Sannan ya duba ƙasa. Ba tambulan, ba cokali, ba kowa. Bai zubar da ko ɗigo ba, amma hannun ya tsaya a sama.

"Sau uku ne," ya ce. "Nasa ne."

Zuciyata ta karye, ba zan ɓoye ba.

Nereida ta zagayo daga kanta da tambulan a hannu, ta zauna a kujerar Hermilo, ta ɗauki cokali ta kaɗa sau uku. Yarinyar da ko a shayi ba ta sa madara.

"Ni ce na kaɗa, Don Evodio."

Ya zuba wa cokalin ido. "Sake, 'yata."

Ta sake, da ƙarfi, har na ce tambulan zai tsage.

"Ina ganin yana bugawa," ya ce. "Ban ji ba."

Ya juyo gare ni. "Facundo, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kada ka raina mini hankali. Kompadre ba ya shan madara. Ni na raka shi wajen likitan."

Na ce ai daga baya ya dawo yana so. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya saka riga a baibai. Ya ɗaga butar ya zuba wa Nereida, kuma ban taɓa ganin ya yi zubi mai kyau kamar wannan ba, kumfar ta tsaya daidai baki. Sannan ya je ya ajiye butar a kan kanta, ya kwance farin ƙyallen ƙugunsa ya ninke.

Nereida ta bi shi, ta matsa kusa da kunnensa. "Ba wanda zai kai ku baya. Na daɗe da sani, ina da ido. Ku riƙe butarku."

"Na gode, 'yata. Amma na zuba wa mutanen da ba su kira ni ba." Ya dubi kujerar Hermilo. "Har da wanda aka hana."

Ta ce ba komai ba ne. Ya ce a wajenta ne ba komai ba. Muka fita ta ƙofar baya, na riƙe shi ya riƙe ni, iska na neman kai mu Alvarado, har na kai shi gidan 'yarsa.

Bai koma ɗakin wanke-wanke ba, bai kuma sake taɓa buta ba. Yanzu wata mata ce ke zubi, tana fantsama wa mutane a wando, ba wanda ya ce komai. Shi kuwa kullum da safe yana zuwa ya zauna a teburinmu, ya sha baƙa, cokalinsa na kwance. Muna gardamar norte, ina ihu a kunnensa yana ce mini ban san komai ba. Wani lokaci ana tsakiyar magana sai ya juya kai wajen kujerar Hermilo, ya fara miƙewa, hannunsa na laluben mariƙin buta. Sai in ɗora masa hannu a gwiwa.

"Ba kowa?"

"Ba kowa."

Sai ya koma ya zauna.