Keken da Kawu Lawal Ya Kafe Mini a Zaure

"Ki zauna tukuna," in ji Yaya Binta a waya da safen nan. Ban zauna ba. "Kawu Lawal ya rasu bayan asuba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ƙanin mahaifiyarmu ne, tsohon malamin firamare. Duk cikin birni an san shi da keken tsere da jar hular sanyi. Ya haura saba'in, amma ko a tsakiyar hunturu, yana idar da sallah zai hau titi, ya kai Wusasa ya dawo, yatsu a ƙage, yana murna kamar an naɗa shi sarauta.

Da likita ya ce sai na riƙa motsa jiki, Kawu ya ce in hau keke, na zo masa da hujjojina na 'yar jami'a: lokacin sanyi a ɗaka ake atisaye. Gaskiyar kuwa, kunya nake ji a ga mace mai digiri biyu tana tangal-tangal a lungu.

Bai yi musu ba. Ya ɗaga tayar baya ta tsohon kekensa a kan ƙarfe, ya kafe shi a zauren gidansa na ciki.

Ni ina taka feda, shi yana kan tabarma da shayinsa, ido a rufe, yana ba ni hanya.

"Kin fita Ƙofar Doka. Hankali, ga mai ƙosai. Yanzu gangara ce, saki jikinki."

Wani lokaci har iska nake ji a kunnena. A zauren nan na je Giwa. Na je Kano sau biyu. Ya taɓa kai ni bakin teku, shi da bai taɓa ganinsa ba. Ya ce ruwan kore ne, ban gyara masa ba.

Sanyi uku muna haka.

"Dakta," haka yake kirana don tsokana, "yaushe za mu titi?"

"In sanyi ya wuce, Kawu."

In ya wuce kuma sai in ce zafi.

Ranar Juma'a na same shi yana tari. Ya ce, "Dakta, ƙaryata ta ƙare. Titin Allah ya fi nawa kyau, ki zo ki gani." Na yi dariya, na ce mako mai zuwa.

Yau bayan an kai shi, matarsa Inna Hauwa ta ja hannuna zuwa zauren. Ashe tun Asabar ya sauke keken daga ƙarfe, ya ba tayoyin iska.

"Ya ce naki ne."

Na ɗora ƙafa, keken ya karkata, na dafe bango. Shekara uku ina tuƙi, ashe ƙarfen ne ya iya keke, ba ni ba.

Inna ta turo ƙofa a bayana. Na tura keken da hannu har gida, mutane na kallo, kuma ban mutu ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba Inna haƙuri.

Gobe bayan asuba in kun ga wata mata tana faɗuwa a lungu, ni ce. Kada ku tsaya ɗaga ni. Ku yi wa Kawu addu'a.