Jamhuriyar Saman Bene

Ranar Juma'ar farko ta watan Satumba, shekarar da na cika tara, daular Yaya Mansur ta faɗi. Ba yaƙi aka yi ba. Baffa ne ya ɗora akwatinsa a mota, ya kai shi filin jirgi, aka tura shi makarantar kwana a Zariya. Da la'asar muka hau saman benenmu na unguwar Fereej Abdel Aziz a Doha, mu biyar, siminti na ƙona mana tafin ƙafa, muka tsaya muna kallon tsohuwar kujerar robar da ke jikin tankin ruwa. Babu wanda ya yi ƙarfin halin zama a kanta. Allah ya sani ina son ɗan baffana, amma ranar daɗi kamar ya kashe ni.

Gidan Hausawa uku ne a benen, keken yara kuwa ɗaya tak, ja, mai ƙararrawa. Shekara biyu Yaya Mansur yana mulkin keken nan daga kan kujerarsa. Shi ke cewa wane ya hau, wane ya sauka, in ya ga dama kuma ya yi ta zagaya tanki har magariba muna bin sa da ido. Mu ne masu kwashe shanya, mu ne masu korar tantabaru daga kuɓewar da iyayenmu mata ke busarwa a tabarma, shi kuwa sai dai ya nuna da baki. Ba mu taɓa kai ƙara ba, don mun haddace amsar Umma: "Yayanku ne."

Ni na kawo maganar jamhuriya, saboda kullum da safe ina jin Abba yana gardama da rediyo a kan zaɓe. Muka jera gwangwanayen madara, kowa ya jefa ƙwallon dabino a na wanda yake so. Na ci da ƙwallo uku, har da na Nana 'yar shekara huɗu, wadda ta ɗauka wasan jifa ake yi. Dokarmu ɗaya ce: kowa zagaye biyar, a bi layi, shugaba a ƙarshe. Wannan na ƙarshen ba da son raina ba ne, Sadiq maƙwabcinmu ya cusa shi don haushin kayen da ya sha. Na samo littafi na fara rubuta tarihinmu, na ba daula shafi ɗaya, jamhuriya kuma duk sauran. Muka yi tuta da tsohon ɗankwalin Umma, muka zana 'yar gala-gala da alli daga bango zuwa bango, muka sha yunƙurin juyin mulki sau biyu, duka kiran sallar magariba ne ya wargaza su.

Sai Disamba ta zo, iska ta yi sanyi, aka ce Yaya na dawowa hutu. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. A gidanmu ba a ce wa babba a'a, ko sunansa ba a kira gatsau. In ya ɗora hannu a kan keken nan jamhuriya ta mutu, kuma ni kowa ya zuba wa ido. Ya hauro da yamma, ya rame ya yi duhu, kai tsaye ya nufi keke. Gwiwoyina suka yi abin da suka saba, na durƙusa na gaishe shi. Daga nan ƙasa, kaina a sunkuye, na ce, "Yaya, yanzu layi ake bi."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, duk ya yi kanta saboda ɗebo wa manyan ɗalibai ruwa.

"Wata uku ni ne ƙaramin kowa," ya ce. "Yalla, mu je, ina ƙarshen layin?"

Na nuna bayana, ya zo ya tsaya. Da aka zo kan Nana, shi ya riƙe mata sirdi yana gudu a tsugune, muna ta dariya har da hawaye. Ban taɓa jin ina son sa kamar ranar ba.

Yanzu a unguwar Al Thumama nake zaune, nan Doha. 'Ya'yana uku kowa da kekensa, ga su can jingine a gareji, tayoyi sun sace. Ba su taɓa jiran wani ya sauka ba, ba kuma wanda ya taɓa tsayawa a bayansu. Wani lokaci tausayi suke ba ni. Ba su san daɗin layi ya zo kanka ba.