Yatsan Inna Asabe a Shafi na Huɗu

Talata: Garwa zuwa Tibati

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gidanmu a Rumde Aja, ko shayi ban tsaya sha ba. Mai moto, wato ɗan acaɓa, ya sauke ni a tasha, na kama kujerar taga, na rungume jakata. Shafi huɗu ne kacal a ciki, amma shekara shida nake jiran su.

Bari in warware muku. Ina aiki a wani ƙaramin biro, wato ofishi, na masu bincike da ba da shawara. Wata ƙungiyar agaji na so ta canza wa matan garin Mbakawu masu bandar kifi murhu, amma sai an fara binciken yanayin aikinsu. Kafin bincike kuwa akwai takardar sharuɗɗa: me za a duba, wa za a tambaya, yaushe. Wannan ne karon farko da aka ba ni jagoranci. Maigidana a wajen aiki, Malam Hamadu, ya rubuta ta da kansa, ya ce, "Hadiza, sa hannu da hatimin shugabannin masunta kawai za ki karɓo. Ko waƙafi kada ki taɓa. Ranar Juma'a sha biyu ƙungiyar za ta rufe karɓa, kuma ba sa son hoto a waya. In kin makara, mutanen Yawunde sun ɗauke aikin."

A Ngong jandarma ya duba katina da takardar tafiya, ya ce, "Har Mbakawu, Madam? A tuna da mu a rabon kifi." Sha ɗaya da rabi muka shiga Ngaundere, kilomita wajen ɗari biyu da tamanin. Na ci shinkafa da miyar gyaɗa a tsaitsaye, na faɗa wata motar. Hanyar Tibati kam sai wanda ya bi ta! Na ce da direba, "Malam, mutane ka ɗauko fa, ba doya ba." Ya ce, "Hajiya, ramin ne bai san bambanci ba." Bayan magariba muka isa, na kama ɗaki, na faɗi kamar buhu.

Laraba: Mbakawu

Bakwai na safe moto ya ɗauke ni, tafiyar sa'a guda. Alhaji Sali, shugaban ƙungiyar masunta, ya tarbe ni a rumfar bakin ruwa, hatimi tuni a hannunsa. Ya ce, "Kawo in buga, 'yata, ki kama hanya." Wallahi saura ƙiris in miƙa. Sai na ga bai dace mutum ya sa hannu a Faransancin da bai ji ba, na ce bari in karanta da Hausa.

Ina kaiwa inda aka ce za a yi binciken a watan Agusta, sai wata dattijuwa ta fashe da dariya a bayana. Inna Asabe ce, uwar masu banda. Idanunta jajur, hawaye na bin kumatunta, ashe kullum haka suke.

"'Yata, a Agusta wa za ki tarar? Ruwa a rufe yake, an hana kamu don kifi ya hayayyafa. Murhu a sanyaye, mu muna gona. Hayaƙin da babu za ki zo ki auna?"

Da an tafi a haka, rahoto zai ce babu matsala, murhun da suke jira ya bi ruwa. Na karanta sunayen waɗanda za a tambaya, mutum goma, duk maza. Inna ta ce, "Alhaji, yaushe rabonka da hura murhu?" Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Tun da uwata ta haife ni."

Na kira Malam Hamadu. Ya ce, "Na ce kada ki taɓa! Ko kin gaji da aikin ne?" Ya kashe. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Amma raina ya fi ɓaci. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan nan ba sai a taswira!

Na ɗaura zani na bi Inna cikin murahu. Kafin rabin sa'a ina tari, majina na zuba, matan na ta tsokanata wai Madam ta zo makoki. A nan na sake tsarin: bincike ya koma lokacin da aka buɗe ruwa, matan su ne na farko a tambaya, a zauna da su da la'asar bayan sun sauke kifi, a duba ido da ƙirji, ba asarar kifi kaɗai ba. Na koma Tibati aka buga mini, na sake dawowa. Alhaji ya danna hatimi. Inna ta ce ita ba ta iya biro ba, ta shafi baƙin murhunta, ta dangwala yatsa a shafi na huɗu.

Alhamis da Juma'a: komawa

Alhamis na kwana gidan goggota a Ngaundere. Juma'a biyar na asuba muka tashi, jandarman Ngong ya samu kifinsa guda. Sha ɗaya da minti ashirin na tarar da Malam Hamadu a ƙofar ofishin masu aikin, fuska a murtuke. Babu lokacin faɗa, muka shiga.

Jami'ar ƙungiyar agajin ta karanta, ta ɗago kai. "Duk wanda ya kawo mana takarda Agusta ya rubuta, har mu ma haka muka zata. Ku wa ya gaya muku?"

Malam Hamadu ya gyara murya, ya ce, "Ai mu sai mun taka ƙasa muke rubutu." Na kalle shi. Ya kalli fanka.

Ta nuna baƙin tabon, ta ce wannan fa? Na ce, "Hayaƙin da za mu auna ne, Madam. Mai shi ce ta sa hannu." Nan take ta ce aikin namu ne, kuma ni za ta riƙa kira.

Na shigo gida ana kiran sallar Juma'a, mahaifiyata na toshe hanci wai na zama banda. Alhamdulillahi da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa goggota da Alhaji Sali. Ke kuma Inna Asabe, ana buɗe ruwa ina bakin murhunki, kuma ke za a fara tambaya.