Taƙi Biyu Zuwa Ƙofa

Direba Pyon Dokgu ba ya mayar wa mutum kwanonsa babu komai a ciki. In ka kai masa kimci, wato kabejin nan namu da ake tsimawa da yaji, kwanon zai dawo maka da gasasshen dankali ko lemo uku. Kowa a garinmu Gunsan ya san wannan ladabi, amma shi ko murfi ka ara masa sai ya ɗora wani abu a kai. Shekara talatin ya yi yana tuƙa bas a cikin gari. Matarsa ta rasu, ɗansa yana birnin Incon. A benen da muke zaune, shi yana hawa na biyar, ni ina na huɗu, daidai ƙarƙashin ƙafarsa.

Da sanyin bara ya fara shigowa, ya karɓo riƙon wata 'yar karya fara daga gidan da ake tara karnukan da aka yasar. Kongi ya sa mata. A keji ta girma, ba ta taɓa taka waje da ƙafarta ba. Wasu mutane a Dejon sun ce za su ɗauke ta bayan wata uku, in har ta koyi fita ƙofa da kanta. In ba ta koya ba, ta koma keji.

Na haɗu da shi a matakala ya rungumo ta a cikin rigar sanyi.

"Direba, amarya ka yi ba ka gaya mana ba?"

"Haba, Maman Sujin, wace amarya ce za ta kwana a ƙarƙashin kujera tana hararata? Fasinja ce. Zan sauke ta a tasharta."

Dabararsa kwanon abinci ce. Kullum da safe yakan matsar da shi taƙi ɗaya daga gindin kujera zuwa wajen ƙofa, ya manna guntun salatif a ƙasa inda ya tsaya. In ta ƙi ci, ya mayar da shi baya taƙi biyu. Ba ya kallonta in tana ci. Sai ya juya mata baya yana karanta jarida a fili, har da labarin farashin kabeji.

Sai dai in ya fita, tana kuka. Ba haushi ba, wani siririn kuka ne da ke bin bututun ruwa ya sauko kicin ɗina. Ranar Talata ya fi tsawo, don ranar yake zuwa asibiti awon hawan jini.

Matakala goma sha huɗu ce tsakanina da ƙofarsa. Ban hau ba. Takarda na rubuta da hannuna, ban sa suna ba, na manna a allon sanarwa na gindin bene. Na ce akwai tsofaffi a gidan nan, a ji tausayinsu. Na kuma tuna wa kowa dokar gidan, cewa ƙorafi uku ke fitar da dabba.

Daga ranar kukan ya tsaya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

A makon aka yi kimcin da ake ajiyewa don lokacin sanyi, na kai masa nasa a kwanona mai shuɗin murfi, wanda na rubuta sunana a kan murfin tun tuni. Bayan kwana biyu ya dawo da shi cike da dankali mai zafi. Ya ɗan tsaya yana kallon murfin.

"Maman Sujin, rubutunki yana da kyau. Irin na 'yan makarantar da. Yanzu ba a samun irinsa."

"Na gode, Direba."

"Fasinjata ta kusa tasha. A ƙara mana haƙuri kaɗan."

Ya sunkuyar da kai, ya hau. Ban ci dankalin ba, ban kuma zubar ba, har ya bushe.

Sai daga baya na lura ba Kongi ce ta daina kuka ba, shi ne ya daina fita. Talata biyar ban ji takalminsa a matakala ba. Ina ƙirgawa. Na isa in ce ya je asibitinsa, zan zauna da ita. Kullum sai in ce gobe.

Wata Juma'a da hantsi kukan ya dawo, bai tsaya ba. A ranar na hau. Mai gadi ya buɗe ƙofar, muka same shi a ƙasa kusa da kwanon, salatif a hannu, rabin jikinsa ba ya motsi. Likita bai ce takardata ce ta jawo ba. Ba wanda ya ce.

Yanzu yana Incon wajen ɗansa, magana ba ta fita sosai. Ɗan ya so ya mayar da Kongi inda aka ɗauko ta. Na ce ya bar mini makulli.

Kullum da safe ina hawa goma sha huɗun nan. Ina matsar wa Kongi da kwanon, ina juya mata baya, ina karanta jarida, ko da yake muryata ba ta yi mata ba tukuna. Saura kwana tara mutanen Dejon su zo. Salatif ɗinsa yana nan a jere daga gindin kujera, wasu sun koma baya, wasu sun yi gaba. Na ƙarshen, wanda bai gama mannawa ba, saura taƙi biyu ya kai ƙofa. Taƙinsa ya fi nawa faɗi.