Babban Yatsan Ƙafa

Jiya a Dutse aka tsayar da ni muhawara da wata ɗaliba daga Taura mai kaifin baki. Na sunkuyar da kai, sai idona ya sauka a kan ƙafarta. Nan take na tuna marigayi Kakana.

Kaka tsohon ɗan dambe ne. Hannunsa na dama, wanda ya yi shekaru yana naɗewa da zare, ya daina miƙewa, shi ya sa ni ke saka masa maɓallin riga ranar Juma'a. Kullum ƙamshin man zafi da goro yake yi.

Wata Juma'a na ce, "Kaka, da wannan hannun ka kayar da mutane?"

Ya ce, "Amaryata, da ƙuruciya hannu ke aiki. Da girma ya zo sai ya yi nauyi, samari suna riga ni kai naushi. Sai na bar kallon fuska, na koma kallon ƙafa. Duk mai shirin duka sai babban yatsansa ya danne ƙasa. Ina gani zan kauce." Ya ja hancina. "Ke da kullum kanki ke ƙasa, ai kin iya rabin damben."

Ni da ake yi wa faɗa a gida saboda kunya!

Jiya na ga yatsan ɗalibar yana ta motsi cikin takalmi, na gane ita ma a tsorace take. Na ɗago kai, na yi magana har lokacina ya cika.

Allah Ya haskaka makwancin Kaka, Ya miƙar masa da hannun nan a Aljanna.