Rufin Riyad, Ruwan Kaduna

Duk wanda ya taɓa shan shayi a ɗakin nan na saman shagon tela a unguwar Ulaisha ta Riyad ya san Injiniya Kamil. Ba wata makarantar injiniya da ya shiga, birkila ne, amma ranar da ka kira shi birkila, ranar za ka sha shayinka ba sukari. Gajere ne, ga faɗin ƙirji, ga tafin hannu kamar bayan kunkuru saboda siminti. Ya fi shekara goma yana gina wa Larabawa gidaje a Al-Naseem, kuma maganar aiki a ba shi abinsa, bangon da ya ɗora ko mudir, wato manajan kamfaninsu mai ƙorafin tsiya, ba ya samun abin cewa.

Ciwon Kamil ɗaya ne. Duk abin da idonsa ya gani a Riyad, sai zuciyarsa ta ce a kai Kaduna.

Da ya samu fili a Rigachikun, wani bankin Musulunci ya ba shi bashin gini, ya riƙe takardun filin. Daga nan Ulaisha ya yi ginin ta waya. Majalisar baƙi da ƙofarta daban, katanga kamar ta gidan yari, rufi kuwa ya rantse ba kwano. Dekin aka zuba a shimfiɗe irin na Larabawa, aka kewaye shi da bango, aka maƙala wasu ƴan indararo sirara kamar bututun shisha.

Ɗan kwangilar da ya ba aikin ya ce, "Oga, nan fa ana ruwa."

Kamil ya ce, "A Riyad ma ana ruwa."

Ana yi kam. Irin wanda in ya sauko mutane ke fitowa ɗaukar hoto.

Wanda ya fi shan tsiya shi ne abokin ɗakinsa Harouna, mutumin Maraɗi, direban tankar ruwa. Kullum Kamil sai ya tsokane shi: "Kai da gidanka na kwano, in ana ruwa ko kiran salla ba ku ji." Harouna ya yi murmushi ya ci gaba da tauna goronsa.

Sai kamfani ya yanke obataim, kuɗin ƙarin lokacin aiki. Albashi ya tsuke, biyan banki na wata-wata ya koma kamar ƙashi a wuya, har Kamil ya tsallake biya. Ko a jikinsa. Ya ji an ce ana komawa banki a sake zama, a warware tsohon bashi a ɗaura sabo, shekaru su ƙaru, biyan wata ya ragu. Sharaɗin kawai, darajar gidan ta rufe abin da ya saura.

"Gidana?" in ji shi. "Sai dai su ba ni canji."

Banki ya tura mai ƙiyasi, ya kuma tashi zuwa a tsakiyar Agusta. Matar Kamil, Muhibba, ta kunna masa bidiyo don ya gani da idonsa. Ya ga mutum ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya hau sama. Ruwa kwance har idon sawu, gansakuka ta yi kore shar. Da aka sauko majalisar baƙi, baƙin da ke ciki su ne bokitai da robobin wanki, kowanne da ɗigonsa. Silin ya yi baƙi, fenti na ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Tun daminar farko Muhibba take faɗa masa, shi kuma yana cewa siminti ne yake shan ruwa, zai ƙoshi.

Amsar banki ba ta daɗe ba. Darajar gida ta faɗi ƙasa da bashin da ke kansa, saboda haka babu sabuwar yarjejeniya. In kuma aka ci gaba da tsallake biya, takardu na hannunsu, gwanjo ba nisa.

Muhibba ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baban Marwa, ko ka sa wa gidan nan kwano, ko banki ya sa masa kwaɗo. Zaɓi ɗaya."

To kuɗin kwano fa? Akwai adashin da ƴan ɗakin suke yi, kuma kwasar wannan watan ta Harouna ce. Bayan sallar Juma'a, an ci shinkafar kabsa ana sakace, Kamil ya gyara murya.

"Harouna, ɗan'uwa, mu yi musayar kwasa mana."

"Ikon Allah, yau ni ne ɗan'uwa. Mi za ka saye, Injiniya?"

"Kayan gini."

"Wane iri?"

Kamil ya dubi fanka, ya dubi tabarma. "Kwano."

Harouna ya kara hannu a kunne. "Mi ka ce? Sake hwaɗi. Ka san mu ƙarar ruwa ta ɓata muna kunne."

Sai da ya sa shi ya faɗa da ƙarfi har tela ya leƙo daga ƙasa yana tambayar ko lafiya. Daga nan Harouna ya ce saniyar da zai saya a gida ba ta san ana jiranta ba, ta ƙara haƙuri. Ya bar masa kwasar.

Wani ne da kunya ta kwantar da shi. Kamil kuwa kafin la'asar ya zana rufi a bayan kwalin shayi, yana bayanin cewa dama tun farko haka ya tsara, dekin a ƙasa, kwano a sama, ƙarfi biyu ke nan. Wannan karon dai Muhibba ce ta zaɓi kafinta, ta kuma hana shi lambar wayar mutumin.

Da rufi ya hau, aka kankare silin aka sake fenti, mai ƙiyasi ya dawo bai cire takalmi ba. Daraja ta ɗago, ba ta koma inda take a mafarkin Kamil ba, amma ta rufe bashin da ƙyar. Banki ya yarda. Biyan wata ya sauko daidai albashinsa, sai dai an ƙara masa shekara huɗu.

Da ma baɗi ya so ya tattara ya koma gida gaba ɗaya, har ya fara sayen akwatuna a kasuwar Batha, har ya faɗa wa ƴarsa Marwa shi zai riƙa kai ta makaranta. Ya kira Muhibba, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Da ya ajiye wayar ya share fuska da gefen rawani, ya ce gida dai na nan, kuma nasa ne.

Ranar Lahadi da safe ya shiga ofishin mudir, hular aiki a hammata, ya ce a sabunta masa iƙama, takardar izinin zama.

Mudir ya ɗago kai. "Ya Kamil, ba kai ka ce za ka tafi ba?"

Kamil ya ja kujera ya zauna ba a ce masa bismilla ba.

"Na so in tafi," in ji shi. "Sai na duba yaran nan da kuka kawo, na ga in ba ni, ba za ku iya ba."